Ruwan makuba: abin da tsohon bango ke koya wa marini da tela

Idan ka ratsa cikin birnin Kano da la'asar sakaliya, ta wajen Gidan Makama ko lungunan da ke bayan kasuwar Kurmi, ka tsaya gaban wani tsohon bangon ƙasa ka tambayi mai wucewa wane launi ne wannan, zai ce maka ruwan ƙasa, ya kama gabansa. Bai yi ƙarya ba. Amma ka ƙara minti biyu a wurin. Daga gindi bangon ruwan hanta ne mai duhu. Sama kaɗan sai ya koma ruwan makuba, daga nan ya buɗe ya yi jaja-jaja, a tsakiya ya yi haske kamar an barbaɗa wa garin ɗorawa toka, can kusa da zanko kuma ga zirin baƙi ya gangaro daga bakin indararo yana siracewa har ya ɓace. Ka nemi inda za ka ɗora yatsa ka ce nan wannan launi ya ƙare, nan wancan ya fara. Ba za ka samu ba.

Wannan narkewar da launi ke yi cikin ɗan'uwansa ba tare da iyaka ba ita ce abin da masu harkar sutura a duniya ke kira ombire, kalmar Faransanci mai nufin abin da inuwa ta faɗa wa. Ko ba ka san sunan ba ka san abin. Yana jikin lafayar da ta fara da shuɗi mai duhu a baki ɗaya ta ƙare da ruwan sararin samaniya a ɗayan, yana jikin mayafi da leshi da rinanniyar shadda, yana kan farcen 'yan mata da fuskar wayar da ke hannunka. Tare da shi kuma wani yayi ya taso, na ɗauko launukan tufafi daga gine-ginen da suka sha ruwa da rana: tsatsar kwano, koɗaɗɗen fentin ƙofa, gansakukar gindin katanga. Mutane na ɗaukar su yayi biyu ne daban. A ganina uwarsu ɗaya, kuma ƙasar Hausa na cikin wuraren da aka fi saurin gane haka.

Harshenmu ma ya fara ba mu labari. Bahaushe ba ya cika kiran launi sai ya haɗa da ruwa: ruwan toka, ruwan goro, ruwan hoda, ruwan zuma, ruwan ganye, ruwan ƙwai. Wato a tunaninsa launi abu ne da ake tsoma kaya a ciki, tunanin marini ke nan. Biyu daga cikin sunayen nan ma daga jikin gini muka ɗauko su, ruwan makuba na da, da ruwan siminti na yanzu. Sai dai duba inda harshen ya zuba ƙarfinsa. Launin da ya cika ya batse muna da kirarinsa: ja wur, baƙi ƙirin, fari tas, kore shar. Wanda ya tsaya a tsakani kuwa sai dai mu ninka kalmar kamar muna ba shi haƙuri: jaja-jaja, baƙi-baƙi, shuɗi-shuɗi. Ombire gaba ɗayansa a wannan tsakanin yake zaune, shi ya sa abokin ciniki ke shan wahalar bayyana wa marini abin da yake so, a ƙarshe ya zaro waya ya ce ga irinsa.

Me ya sa bango ke yin haka? Babu launi ɗaya a jikinsa da ya zo a banza. Jan da ke cikin jar ƙasa ƙarfe ne da ya yi tsatsa tun fil azal, kuma yawansa ya danganta da kududdufin da aka haƙo ƙasar tubalin. Duhun da ke gindi danshi ne. Ƙasa na tsotsar ruwa daga tushe kamar yadda lagwani ke jan kananzir, ruwan ya hau har inda ƙarfinsa ya ƙare, rana ta busar da shi, ya bar gishirin da ya ɗauko a matsayin wani farin layi mai lanƙwasa. Ƙara da fantsamar ruwan da ke zubowa daga indararo yana dukan ƙasa yana komawa jikin bango, sai ka ga dalilin da ya sa kamu biyu ko uku na ƙasa suka fi ko'ina duhu, kuma duhun na raguwa yayin da kake ɗaga ido.

Fuskokin gini ma ba su tsufa tare. A ƙasar Hausa hadari daga gabas yake tasowa, don haka bangon da ke kallon gabas shi ke shan duka, shi ya fi zaizayewa, har ramno da tsakuwar cikin yaɓen su fito fili su ba shi kaushi. Tsofaffin magina sun san haka, nan suke fi ba ƙarfi wajen yaɓe. Da hunturu kuma iska na kwaso farar ƙura daga kwarin Bodele da ke arewacin Chadi ta shafe komai, ta kwanta a kan kowane tudu na zanen bango ta bar kwarinsa da duhu, sai dagin da ke saman ƙofar zaure ya fito kamar an zana shi sau biyu. Akwai kuma aikin jikin mutum. Duba bangon zaure daidai kafaɗar mai zama a dakali, ko gefen ƙofa daidai inda hannu ke dafawa: wurin ya yi santsi ya yi duhu yana ɗan sheƙi, shekaru hamsin na gumi da man shafawa. Ga facin yaɓen bara, ga na shekara goma baya, kowanne da ƙasarsa, ruwan sama ya goge bakinsu har sun saje.

Nan ne zancen ya fi yi mini daɗi, domin alaƙar bango da rini a wurinmu ba ta tsaya a kamanni ba. Makuba, wadda muka ba launi sunanta, daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa ake samunta. A jiƙa, a kwaɓa ƙasa da ruwan, a yaɓe bango ko a yi daɓe, ruwan sama ya riƙa zamewa. Abin da ke ba ta wannan ja mai duhu shi ne sinadarin nan mai bauri da ke cikin ɓawon, dangin wanda majema ke nema a bagaruwa, idan ya haɗu da ƙarfen cikin ƙasa sai ya turu. Wannan haɗuwar ce dai ke ba rinin laka na ƙasar Mali, wanda suke kira bogolan, baƙinsa: a tsoma farin saƙi a ruwan ganyen marke, a zana masa lakar da ta daɗe a ajiye, inda laka ta taɓa ya yi baƙi. Magini a Zariya da mai zanen laka a Mali sinadari ɗaya suke juyawa.

Laso kuwa ya fi wannan kusa. Shi ne simintin Bahaushe kafin siminti, da shi ake shafe rufin soro da bangon gidan mai hali. Kayan haɗinsa uku ne: katsi, gashin jima da dafara. Katsi ba komai ba ne illa dattin da ke kwantawa a gindin rijiyar rini bayan baba ya gama aiki, a kwashe, a cura, a shanya, a ƙona, a daka. Da wannan lason kuma ake shafe cikin rijiyoyin rinin kansu don kada su tsiyaye. Ka ga ke nan abin da ya rage daga rina riga shi ke komawa jikin bango, abin da ke kare bango shi ke riƙe ruwan rini. Duk wanda ya ce yau zai ɗauko launin tufa daga tsohon gini, a Kano dai, tsohuwar hanya ya biyo ta baya.

Mu leƙa marinar. Ta Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da shekarar 1498, ita ce aka fi sani. Ana zuba baba da ruwan toka da katsi a rijiya, a bar su kwanaki su ruɓa, ana motsawa da doguwar sanda har ruwan ya nuna. Abin mamaki ga wanda bai taɓa gani ba shi ne yadin ba ya fitowa shuɗi. Kore-kore yake fitowa, mai ratsin rawaya, sai ya sha iska a gaban idonka ya juye. Dalili shi ne shuni ba ya narkewa a ruwa sai an raba shi da iskar da muke shaƙa, ruɓewar nan ita ke yin wannan aikin, da zarar yadi ya fito ya sake haɗuwa da iska sai launin ya koma yadda yake ya maƙale a jikin zare. Shi ya sa ba a samun duhu da tsomi ɗaya ko da an kwana a ciki. Sai dai a tsoma, a ɗaga, a bari ya sha iska, a sake tsomawa. Kowane tsomi da matakinsa.

To, a nan ombire yake kwance tun asali. Ka tsoma yadin duka sau ɗaya, karo na biyu ka bar kamu ɗaya a waje, karo na uku ka bar biyu, haka har ka iso baki. Idan kana so kada layi ya fito, sai yadin ya zama a jiƙe tun farko, kuma hannunka ba ya tsayawa, kana ɗan ɗagawa kana saukarwa don ruwan ya hau da kansa. Daidai abin da danshi ke yi wa gindin bango, sai dai wancan shekaru yake ɗauka, wannan yini guda. Mutanen Japan, waɗanda su ma suka daɗe da rinin baba, sai da suka raɗa wa matakan nan sunaye. Ɗaya daga cikin mafiya haske suna ce masa kamenozoki, wato leƙen tulu, kamar yadin leƙawa kawai ya yi ya dawo.

Mu namu marinan ba tsakiyar hanya suka sa a gaba ba, ƙarshenta suke nema. Martabar rinin Kano ita ce baƙin da ya wuce shuɗi, irin na turkuɗi da rawanin ɗan Kura, wanda bayan an gama tsomi masu bugu za su ɗora shi a kan gungume su shafa masa shuni su yi ta dukansa har ya riƙa walƙiya kamar ƙarfe. Shi Buzaye ke saye ya riƙa zuba a fatarsu, su kuwa abin ado ne a wurinsu. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda rinannun tufafin birnin ke kaiwa har Tambutu da Gat da Tarabulus. A wannan kasuwar, yadin da ya fito da haske a gefe ɗaya aikin ɗan koyo ne. Wannan ɗabi'ar ba ta bar mu ba. Har gobe idan mutum ya sa shadda Getzner ranar Sallah so yake ta yi ƙara idan ya motsa, ta ɗauki ido daga nesa, launinta ɗaya daga wuya har idon sawu.

Ta ina yayin ya biyo ya dawo mana? Masaƙun Turai sun iya buga launi mai narkewa tun farkon ƙarni na 19, ana samun sa a ribbuna da yadin rigunan mata na zamanin. Ya riƙa zuwa yana komawa. Kamfanin Prada na Italiya ya sake tayar da shi a kayan sanyin 2007, a takalma da jakunkuna da riguna, daga nan ya sauka kan gashin mata. Shekarar 2016 kuwa ta ba shi gindin zama. Pantone, kamfanin Amurka da ke fitar da launin shekara, a karon farko ya zaɓi launi biyu, ruwan hoda mai haske da shuɗi mai sanyi, ya nuna su suna narkewa cikin juna. A watan Mayun shekarar Instagram ya jefar da tsohuwar alamarsa ta kyamara ya ɗauko wadda ke tashi daga rawaya ta bi ta ruwan hoda ta faɗa shuɗi. Idon da ke kallon wannan sau ɗari a rana ba zai ƙara ganin baƙon abu ba idan ya gan shi a jikin mayafi.

Akwai dalilin kuɗi kuma, wanda masu sharhin ado ba su cika son faɗa ba. A tsohuwar hanyar buga atamfa kowane launi da nasa abin bugawa, ƙarin launi ƙarin kuɗi ne. Injin da ke buga zane kai tsaye daga kwamfuta bai damu ba ko launi uku ne ko dubu uku. Da irin waɗannan injina suka yawaita, musamman a masana'antun Sin da Indiya da Turkiyya, abin da a da sai gwanin marini ya koma abin da ake latsa maɓalli a samu a yadin roba mai arha. Irin wannan ombiren ana samunsa rataye a Kantin Kwari.

Idan ka ɗora irin wannan yadin kusa da hoton bango za ka ga bambancin nan take, ko da launukan iri ɗaya ne. Kwamfuta raba daidai take yi: rabin hanya, rabin launi. Bango ba ya raba daidai. Duhunsa a cushe yake a ƙasa, ya saki da sauri, sannan ya ɗauki dogon zango yana canjawa a hankali har ka ɗauka launi ɗaya ne, can kuma wani ziri ya ratso ya ɓata lissafin. Layin danshinsa ba a miƙe yake ba, yana hawa inda ƙasar ta fi laushi yana sauka inda ta fi tauri. Kuma launukansa duka 'yan gida ɗaya ne, ƙasa ɗaya ce ta jiƙe ko ta bushe ko ta sha ƙura, shi ya sa ba sa faɗa da juna. Ombiren inji kan ɗauko kore shar ya kai shi ruwan hoda, a tsakiya su haɗu su ba da wani launi mai kama da ruwan wanke-wanke. Wanda ya taɓa sayen irin wannan mayafin ya san wurin da nake nufi, shi ne wurin da ake ƙoƙarin ɓoyewa a naɗi.

Ɗaya ɓangaren yayin, wato son abin da ya tsufa, shi ya fi buƙatar a yi masa tankaɗe da rairaya. Turawa sun daɗe da gane cewa tsufan gini kan zama kyansa. Mutum-mutumin 'yanci da ke New York, da aka ƙaddamar a 1886, da jan ƙarfe aka lulluɓe shi, kalar sabon kwabo. Iskar teku ce ta mai da shi kore cikin shekaru kusan talatin, yau da za a kankare shi ya koma yadda yake da mutane sun ce an ɓata shi. Masu zanen tufafi suka ɗauki wannan tunanin suka kai shi nesa. Rei Kawakubo ta Japan ta fitar da rigar sanyi mai huji-huji da gangan a 1982. Hussein Chalayan, a aikinsa na kammala makaranta a Landan a 1993, binne riguna ya yi tare da garin ƙarfe a lambun wani abokinsa, ya tono su bayan tsatsa ta ci jikinsu, ya nuna su a haka.

Wandon jins ne ya kai abin ga kowa. Da shuni ake rina shi, yawanci na masana'anta wanda kamfanin BASF na Jamus ya fara sayarwa a 1897, kuma da yake shuni a bayan zare yake zama ba ya shiga cikinsa, gwiwa da cinya da aljihu kan koɗe su ba da taswirar rayuwar mai wandon. Da kasuwa ta ga ana son haka sai ta fara sayar da koɗewar tun a kanti. Hanya ɗaya ita ce a feshe wandon da yashi da ƙarfin iska. Matasan da suka yi wannan aiki a Turkiyya ƙurar yashin ta cika musu huhu, da dama suka mutu, har gwamnatin ƙasar ta hana a 2009, kamfanonin tufafi na Levi's da H&M suka sanar da dainawa a 2010. Ga kuma takalmin da kamfanin Balenciaga ya fitar a 2022, a yayyage a daƙune kamar an tsinto shi a bola, a kan dala 1,850.

A nan Bahaushe zai yi tsaki, kuma ina bayansa. A wurinmu koɗaɗɗiyar riga ba salo ba ce, shaida ce ta halin da mai ita ke ciki. Wanda ke wanke kaftani ɗaya da dare ya sa da safe ba ya buƙatar a koya masa kyan koɗewa. Sayen kamannin talauci da tsada wasa ne na wanda ya ƙoshi, kuma ba na jin zai yi kasuwa a wurin ɗaurin aure a Fagge ko a Maraɗi. Amma kuskure ne a haɗa wannan da abin da bango ke bayarwa a zubar tare. Yagewa da datti daban, tsarin launi daban. Ana iya rina sabuwar shadda fil, a buge ta ta yi sheƙi, ta tashi daga ruwan hanta a ƙafa zuwa ruwan makuba zuwa ruwan zuma a kafaɗa, babu mai cewa tsohuwa ce. Chris Seydou, mai zanen tufafi na Mali, ya riga ya nuna hanya tun shekarun 1980, lokacin da ya ɗauki bogolan na ƙauye ya yanka shi ya ɗinka kayan da aka yi yayi a Paris. Alphadi na Nijar kuma da zai buɗe FIMA, bikinsa na nunin tufafin Afirka, a 1998 bai nemi otal ba, hamadar Tigidit kusa da Agadas ya kai mutane.

Kowane gari kuma da tasa ƙasar. Hasumiyar masallacin Agadas, mai tsawon mita 27, a birnin da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2013, launinta ya fi karkata ga yashi mai ɗan ja, kuma itatuwan da suka fito daga jikinta na zuba mata gajerun inuwoyi da ke juyawa da rana. Unguwar Birni a Damagaram tana da gidaje masu zanen fuska da aka taɓa shafa wa fenti mai ƙarfi, rana ta lashe shi har shuɗin ya koma kamar hayaƙi. Gobarau a Katsina daban, ragowar ganuwar Kano, wadda Sarki Gijimasu ya fara a ƙarni na 12 Muhammadu Rumfa ya faɗaɗa a na 15, ita ma daban. Kada a manta da na jiya-jiya: kwanon rufin da ya yi tsatsa daga bakin ƙusa ta gangaro, da koren ƙofar shago da hannu ya cinye tsakiyarsa.

Wanda zai gwada, kada ya yarda da waya. Kyamarar waya gyara launi take yi da kanta, tana ƙara masa ƙarfi, kuma bango ɗaya launi uku yake bayarwa tsakanin hantsi da azahar da la'asar. Gara ka je da ƙyallaye daga shagon tela ka kara su a jikin bangon, ka ware uku da suka fi kusa: na gindi, na tsakiya, na sama. Uku sun isa. Su za ka kai wa marini, tare da bayanin inda kowanne zai tsaya. Ka kuma tuna yadi na da nasa ra'ayin. Launin da ya yi taushi a saƙi ko a auduga marar sheƙi, a jikin bugaggiyar shadda ƙara kaifi yake yi, domin sheƙin kansa wani ombire ne da ke yawo duk inda haske ya faɗa.

Wajen yanka ake yin asara. Yadi mai launi ɗaya tela na juya shi yadda ya ga dama don ya tsira da ko'ina. Mai narkewa yana da sama da ƙasa, kuma dole gaba da baya da hannuwa su tashi daga mataki ɗaya. Na koyi wannan da kuɗina. Na kai yadi biyar da aka rina mini, shuɗi mai duhu zuwa mai haske, na ce kaftani da wando. Ranar karɓa na tarar hannun dama ya fara da duhu daga kafaɗa, na hagu ya fara da haske.

Na ce, "Maigida, ya haka?"

Ya ɗaga rigar ya duba, ya ce, "Alhaji, ai yadin ne bai isa ba. Da na bi shi yadda yake, wandon sai dai na yaro."

Gaskiyarsa. Irin wannan ɗinkin na cin yadi fiye da na kullum, kuma mafi alheri a yanka tukuna, a harhaɗa, sannan a kai marina a tsoma rigar a matsayin riga. Duhun kuma a ƙasa ya fi zama, kamar a bango: ido ya saba ganin nauyi a gindi, ga shi bakin riga da ƙafar wando su ke kwasar ƙura. Lafaya da mayafi ne kawai suka kuɓuta daga wannan doka, tunda naɗi ke yanke hukuncin inda kowane launi zai faɗa. Aikin wuya kuma kada ya yi gasa da yadin. Zare mai launi ɗaya, wanda aka ɗauko daga mataki mafi duhu ko mafi haske, shi ke zama kamar zanen dagi a saman ƙofa.

Akwai abin da ke damuna duk lokacin da na ga an jera amarya da ƙawayenta gaban tsohon gini ana ɗaukar hoto. Launukan nan da muke sha'awa alamomin ciwo ne. Ginin ƙasa rayayye ne muddin ana yi masa yaɓe, shi ya sa mutanen Jenne a Mali ke fitowa gari guda duk shekara su shafe babban masallacinsu, wanda ginin yanzu na 1907 ne. Inda aka daina, ƙarshen zancen sananne ne. A watan Agustan 2023 wani sashe na masallacin Juma'ar Zariya, aikin Babban Gwani Mika'ilu na shekarun 1830, ya rufta kan masu sallar la'asar, aka rasa rayuka. A Satumban 2024 ruwan sama ya kwantar da tsohon masallacin Damagaram na tsakiyar ƙarni na 19. Ganuwar Kano kuwa wani wurin an ɗebe ƙasarta, wani wurin an yanka fuloti a kanta, ƙofofinta da dama an rushe an sake su da siminti don faɗaɗa titi.

Kwanakin baya na tsaya da ƙyallayena a gindin wani bango ina karawa, wani dattijon magini da ke cuɗa ƙasa a gidan da ke kallonsa ya ajiye aikinsa ya zo ya ga abin da nake yi. Na nuna masa wurin da ruwan hanta ke narkewa ya koma makuba, na ce, "Baba, ka ga wannan wurin? Shi nake so a fitar mini a riga."

Ya sa babban yatsa ya danna wurin, ƙasar ta burma ta zubo masa a tafin hannu. Ya murza ta ya sunsuna.

Ya ce, "Yaro, ka yi sauri ka kai wa marinin. Wannan danshi ne, ya riga ya ci tubali biyu. In ba a yi masa gyara kafin damina ba, baɗi sai dai ka zo ka kara ƙyallenka a jikin bulo."